Ba Kowace Faɗuwa Ce Farfaɗiya Ba

Assalamu alaikum Malam Edita. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina roƙon ɗan fili a shafinku na wasiƙu kan wani abu da ya faru a unguwarmu, wanda har yau yake ci mini tuwo a ƙwarya.

Wata yarinya mai cikin fari wata takwas ta yanke jiki ta faɗi a tsakar gida tana jijjiga. Kafin a aiko a kira ni an riga an turnuƙe ɗakin da hayaƙi, an cusa mata cokali a baki, dangin miji kuma sun koma gefe suna ƙus-ƙus, wai dama farfaɗiya gare ta iyayenta suka ɓoye. Na ga ƙafafunta da fuskarta a kumbure. Uwar mijin ta ce kwana uku ke nan tana kukan ciwon kai da gani dishi-dishi. Na ce, "Hajiya, don Allah a nemo Keke Napep yanzu." Da aka auna ta a asibiti, jininta ya hau sosai. Jijjigar masu ciki ce. Aka yi mata allurar magnesium sulphate, aka ciro ɗan, Allah ya yi da sauran kwana. Amma har gobe akwai waɗanda ba sa shan ruwa a kofinta.

Na yi aikin jinya har na yi ritaya, kuma abin da na gani shi ne muna da gaggawar raɗa wa ciwo suna. Likita ba ya cewa farfaɗiya sai mutum ya faɗi sau biyu ko fiye, da tazarar sama da awa 24, ba tare da wani dalili na nan take ba, ko kuma ya faɗi sau ɗaya gwaji ya nuna alamar zai sake. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan mutum ɗaya cikin goma zai iya yin jijjiga sau ɗaya a rayuwarsa. Ina za mu kai wannan jama'a in duk muka ce masu farfaɗiya ne?

Yaro ɗan wata 6 zuwa shekara 5 kan yi taune-taune saboda zafin zazzaɓi kawai, kuma yawancinsu da sun girma shi ke nan. Sai dai ba a gida ake yanke wannan hukunci ba, domin da damina zazzaɓin cizon sauro kan taɓa ƙwaƙwalwa, da bazara kuma ga sanƙarau, musamman in wuya ya sandare. Dattijo mai ciwon suga da ya sha maganinsa ya ɗauki azumi, sugan na iya sauka har ya yi jijjiga. Ga wanda ya buga kai a haɗarin acaɓa, ga mai shanyewar ɓarin jiki. Ga kuma wanda ba ma son faɗa: matashin da ya haɗiyi tiramol fiye da kima, gida na neman mai ruƙiyya, abokansa da suka san gaskiya sun yi gum.

Suma ma takan ruɗi mutane. Ɗaliba ta daɗe tsaye a rana, ta ji jiri da gumi, ta zube, jikinta ya ɗan karkarwa, nan da nan ta farfaɗo ta san kowa. Mai farfaɗiya sau da yawa yakan ciji gefen harshe, ya farka a ruɗe, ya yi barci mai nauyi. Shi ya sa bayanin wanda abin ya faru a gabansa yake da daraja wurin likita. In akwai mai waya a kusa, ya ɗauki bidiyo don likita, ba don Facebook ba. Gwajin EEG, wato na auna yadda ƙwaƙwalwa ke aiki, da hoton ƙwaƙwalwa suna taimakawa, amma EEG kan fito lafiya ƙalau alhali ciwon yana nan.

Ban hana kowa addu'a ba, ni ma ina yi. A yi ta a kan hanyar asibiti. A kwantar da mutum a kan gefensa, a janye shi daga wuta da ruwa, kada a danne shi, kada a sa masa komai a baki. Faɗuwar farko, ko jijjigar da ta wuce minti 5, asibiti ne kai tsaye. In ma ta tabbata farfaɗiya ce, miyau ba ya yaɗa ta, kuma kusan bakwai cikin goma za su iya daina faɗuwa in sun samu maganin da ya dace suna sha a kai a kai.

Roƙona, Malam Edita, ku tura wakilinku Asibitin Koyarwa na Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa ko na Tarayya da ke Gombe, ya zauna da likita a fayyace mana wannan da Hausa. Zan yanki shafin in kai wa Hajiyar da hannuna.

Taku,
Tsohuwar ma'aikaciyar jinya,
Unguwar Jahun, Bauchi.