A Ba Matasa Kujera a Kwamitin Raya Mazaɓa

Ya Edita,

Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta ware aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar Gwamnatin Tarayya don kiwon lafiya matakin farko. Wani kaso na shiga asusun asibitin mazaɓa, kwamitin raya mazaɓa na sa ido. Amma dattawa sun cika kwamitin. Matasa sai ranar rigakafin shan inna ake nemansu, a ba su alli su yi ta rubutu a ƙofofin gidaje.

Muna roƙon jihohi su tanadi kujeru biyu, mace da namiji 'yan ƙasa da shekara 30, masu ikon kaɗa ƙuri'a a kwamitin. A koya musu duba rasit da rajistar magunguna. A biya musu kuɗin mota, don rashinsa ke hana su zuwa taro.

Wasu ma'aikatan lafiya, Kano