Kyamarar aljihu: a fara tambayar girman sensa kafin yawan megafiksel

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ɗan fili a jaridarku don in yi tsokaci kan ƙananan kyamarorin nan da ake sakawa a aljihu, waɗanda masu son hoto suka sake waiwaya bayan wayar salula ta kusa kashe musu kasuwa. Abin da ke damuna shi ne lambobi biyu kawai ake ɗaga wa mai saye a jikin kwali, yawan megafiksel da nisan zum, alhali ba su ne ke sa hoto ya fito fes ba. Roƙona ga masu rubutu kan fasaha shi ne, duk kyamarar da za su yi bayaninta, su faɗi girman sensarta a milimita da faɗin ƙofar haskenta a farkon zum da ƙarshensa.

Sensa ita ce ɗan faifan da ke bayan gilashi, wanda haske ke sauka a kansa ya zama hoto. Girma uku ne suka fi yawa a kyamarorin aljihu. Ƙaramar cikinsu, wadda ake rubutawa 1/2.3, milimita 6.2 ce da 4.6, wato fili kusan murabba'in milimita 28. Mai bi mata ita ce wadda ake kira inci ɗaya, milimita 13.2 da 8.8, murabba'i 116, ninki huɗu ke nan. (Sunan bai dace da awon ba, gado ne daga bututun kyamarorin talabijin na da, tsawonta daga kusurwa zuwa kusurwa milimita 16 ne kawai.) Sai APS-C, milimita 23.5 da 15.6, wadda ta ninka ƙaramar sau goma sha uku.

To, a zuba fiksel miliyan 20 a kan ƙaramar, a zuba miliyan 20 a kan mai inci ɗaya. A kwali duka biyun "megafiksel 20" ne. Amma kowane fiksel na ƙaramar faɗinsa kusan maikiron 1.2 ne, na babbar kuwa 2.4, saboda haka yana tarar haske ninki huɗu. Da rana tsaka ba lallai ido ya ga bambanci ba. Da an shiga ɗaki ko magariba ta gabato, ƙaramar za ta ɗaga ISO, wato lambar ƙara wa hoto haske, zuwa 800 ko 1600, hoto ya cika da tsaki-tsaki, sai kyamarar ta yi ƙoƙarin goge tsakin, ta haɗa da gashin kai da zanen tufafi da ganyen itace ta shafe su kamar an goga fenti. Wannan ɓarnar ba ta gyaruwa a kwamfuta.

Me ya sa ba a saka babbar sensa a kowace kyamara? Saboda gilashi ne ke biyan kuɗin. Sensa babba tana buƙatar gilashi mai faɗi, zum mai nisa yana buƙatar gilashi mai tsawo, aljihu kuwa ba ya ɗaukar ko ɗaya. Abu uku ne, babbar sensa da zum mai nisa da ƙaramin jiki, biyu kawai ake samu. Panasonic TZ95 ta ɗauki zum ninki 30, daga 24 zuwa 720 (ƙaramar lamba tana ɗaukar fili mai faɗi, babba tana jawo abin da ke nesa), ta haƙura da ƙaramar sensa. Ricoh GR III, wadda ta fito a 2019, ta ɗauki APS-C mai megafiksel 24 a jiki mai giram 257, ta haƙura da zum gaba ɗaya: gilashi ɗaya ne daidai da 28, in ana son kusa sai a taka da ƙafa. Ba ta da filasha, ba ta da tagar leƙe. Sony RX100, wadda ta buɗe wannan hanya a 2012, ta tsaya a tsakiya da inci ɗaya.

Jerin RX100 ɗin ma ya isa darasi. Ta uku, ta 2014, zum ɗinta 24 zuwa 70 ne, ƙofar haske f/1.8 zuwa f/2.8. Ta shida, ta 2018, ta kai 200, amma ƙofar ta koma f/2.8 zuwa f/4.5. Ƙaramar lamba ita ce ƙofa mai faɗi, kuma daga f/1.8 zuwa f/2.8 hasken da ke shiga ya ragu kusan sau biyu da rabi. Ga mai ɗaukar yara da taron iyali a cikin gida, tsohuwar ta fi sabuwar amfani, na faɗi haka ba tare da shakka ba. Canon G7 X ta biyu da ta uku suna riƙe f/1.8 zuwa f/2.8 har zuwa 100, shi ya sa ake son su.

Zum mai nisa kuma yana da tarko. A 720 ƙofar TZ95 ta tsuke zuwa f/6.4 daga f/3.3, haske ya ragu kusan sau huɗu, daidai lokacin da rawar hannu ke buƙatar shota, wato labulen da ke buɗe wa haske, mai sauri kamar 1/800 na daƙiƙa. Na'urar hana rawa tana taimaka wa hannun mai ɗauka, amma ba ta tsayar da tsuntsun da ke tashi ko yaron da ke gudu ba. Irin wannan zum na rana ne. A zum mai nisa kaɗai ƙaramar sensa ke fin waya, domin akwai wayoyi masu sensa inci ɗaya, kamar Xiaomi 12S Ultra ta 2022, kuma waya tana haɗa hotuna da yawa ta fitar da ɗaya mai tsabta.

Wani kuskuren da ake yawan yi shi ne tsuke ƙofa zuwa f/8 ko f/11 don komai ya fito sarai. A ƙaramar sensa akasin haka ake samu, haske yana bazuwa a bakin ƙaramin rami, hoto ya yi dishi-dishi. A 1/2.3 a tsaya kusa da f/4, a inci ɗaya kada a wuce f/5.6 sai da dalili.

Batun sakawa a aljihu kuma, kauri ya fi nauyi muhimmanci. GR III kaurinta milimita 33, RX100 VII kusan 43 da giram 302. Fujifilm X100VI kyamara ce mai kyau ƙwarai, amma giram 521 ba kayan aljihu ba ne. Ƙaramin jiki kuma ƙaramin batir: a ma'aunin CIPA, ƙungiyar masu ƙera kyamarori ta Japan, GR III hoto kusan 200 take yi, RX100 VII kusan 260, don haka batir na biyu dole ne.

Aljihun kansa shi ne babban abokin gabar waɗannan kyamarori. Duk lokacin da gilashi ya fito ya koma, iska yake zuƙa, tare da ƙura da zaren tufafi. Gilashin ba ya cirewa, saboda haka in ƙura ta sauka a sensa sai mai gyara ya buɗe kyamarar. In kuma ta kunnu da kanta a cikin aljihu, gilashin zai turo ya tarar ba hanya, ƙananan haƙoran roba da ke tura shi su karye. Ƙaramar jaka mai ɗan tauri tana maganin duka biyun. Wanda zai sayi ta hannu ya gwada ta tukuna: ya juya zuwa A ko Av, inda mai ɗauka ke zaɓar faɗin ƙofa da kansa, ya kai ƙofa lamba mafi girma da ta yarda, ya sa ISO a mafi ƙanƙanta, ya ɗauki farar takarda ko sararin sama sau biyu yana ɗan motsa hannu. Ɗigon da ya bayyana a wuri ɗaya cikin hotunan biyu ƙura ce a ciki. Sannan ya kunna ya kashe sau biyar yana sauraro, in gilashi yana ƙara kamar ana niƙa yashi ko yana tsayawa a hanya, ya ajiye ta.

Wassalam,
Mai karanta jaridarku