Zuwa ga Yaya a Daura, kan maganar san Baba

Assalamu alaikum Yaya,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya kai da iyali. Ka gaishe min da Baba da Inna, ka ce musu lafiyata ƙalau, sanyi ne kawai ya fara shigowa Manchesta.

Tunda ka gaya min san huɗar Baba ya ɓace, ka je har kasuwar Mai'adua kana dubawa ba a dace ba, abin yake cina a rai. Abin da ya fi damuna shi ne maganarka cewa ko an gan shi, shaidarmu tsagar kunne ce kawai, wadda kowa zai iya ƙara wa wuƙa ya ce nasa ne. Shi ya sa nake son ka ji yadda ake yi a nan.

Dattijuwar da nake haya a gidanta tana da kyanwa. A ƙarƙashin fatarta, tsakanin kafaɗu, likitan dabbobi ya saka mata wata 'yar na'ura da allura, girmanta bai fi ƙwayar shinkafa ba. Ba ta da batir, ba a cajinta, kuma tana nan har ƙarshen rayuwar dabbar. Lamba ce kawai a cikinta, mai alƙaluma 15. Idan aka tsinci kyanwar, sai a shafa mata abin karantawa a wuya, lambar ta fito, a duba rajista a ga sunan mai ita da wayarsa. A Ingila doka ce: karnuka tun Afrilun 2016, kyanwoyi kuma daga 10 ga Yuni 2024, kafin kyanwar ta cika mako 20 da haihuwa. Wanda aka samu bai yi ba ana ba shi kwana 21, in ya ƙi, tarar tana iya kai fam 500.

Har ƙofa lambar take buɗewa. A ƙasan ƙofar kicin an yanka wata 'yar taga daidai jikin kyanwa, mai aiki da ƙananan batura huɗu. Na tsuguna na kalla da idona: tana cusa kai, sai ka ji sakata ta yi ƙas, ta ture murfin da goshi ta shige. Muzurun maƙwabta ya zo ya yi ta tura da hannu, ko motsi ƙofar ba ta yi, don ba a koya mata lambarsa ba. Matar tana fama da ciwon gwiwa, yanzu ba sai ta taso cikin dare ta buɗe ba, kyanwar kuma ba ta kwana a kulle ko a waje cikin sanyi. Wallahi ya burge ni, na tuna hadisin matar da ta shiga wuta saboda ta tsare kyanwa ba ci ba sha.

Amma kar ka ɗauka abin yana nuna inda dabba take. Ba ya bin sawu ko kaɗan, sai an kama ta a hannu an karanta. Amfaninsa shi ne yanke gardama. Dawakai ma a nan duka sai da shi tun Oktoban 2020, shanu kuwa alama ake maƙala musu a kunnuwa biyu, kowace saniya da takardarta, kuma duk inda aka kai ta sai an rubuta. Rajistar nan ita ce ƙarfin abin, domin lambar da ba a rubuta ta ko'ina ba, ba ta da mai ita.

Don Allah ka tambayi likitan dabbobi na wajenmu ko ana iya yi wa dokin Baba kafin hawan Sallah, in kuma da abin karantawa a kusa. Kafin nan, ka ɗauki hoton sauran shanun da wayarka, gefe biyu da goshi da ƙaho, a rubuta kamanninsu a littafi, mai unguwa ya sa hannu. Ƙarshen wata zan turo abin da ya sawwaƙa a haɗa a nemi wani san kafin damina, kar Baba ya shiga haya.

Ka gaida Goggo da yara, a ci gaba da sa ni a addu'a.

Ƙaninka.