Masu sayar da asiri a waya da matasanmu na Tawa

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon a ba ni ɗan fili a wannan jarida domin in yi magana a kan abin da ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya, wato yadda laƙani da hatimi da wuridin neman buɗi suka zama hajar da ake tallatawa a Facebook da WhatsApp, matasanmu kuma suna saye kamar goro.

Mu da muka tashi a Adar mun tarar da rubutun sha, mun kuma san malaman zaure da ake kai wa yaro mai firgita da dare su yi masa tofi, ba su karɓi komai ba sai abin sadaka. Hadisin Aufu ɗan Maliku da ke cikin Sahihu Muslim ya nuna babu laifi ga ruƙiyya matuƙar babu shirka a cikinta. Sai dai malamin da ya san nauyin abin da ke hannunsa ba ya ba da izinin wuridi mai ƙarfi sai ya daɗe yana lura da almajirinsa, ya ga sallarsa, ya ga zamansa da iyayensa, ya ga ko yana iya haɗiye fushi, domin tarbiyyar zuciya ita ce gaba da kowane asiri.

Ɗan ƙanwata, yaro mai shekara 22, ya tura jika 15 ga mutumin da bai taɓa gani ba. Aka aiko masa da hoton hatimi da wasu sunaye waɗanda ba Larabci ba ne, ba kuma wani harshe da muka sani ba, aka ce ya shiga halwa kwana 7 yana jan su dubbai cikin dare, wai rauhani zai bayyana masa. A kwana na biyar mahaifiyarsa ta same shi zaune a kan buzu, ɗaki ya turnuƙe da hayaƙin turare, idanunsa jajur, yana amsa maganar wanda babu shi a wurin. Likita ya gaya mana rashin barci da yunwa kaɗai sun isa su birkita ƙwaƙwalwa. Wata uku muka yi muna jinya, mai asirin kuwa ya rufe layinsa.

Wanda ya fi wannan muni shi ne aikin da ake yi a kan wani: mallaka, farraƙu, kurciya. Duk da sunan taimako da ake laƙaba masa, manufarsa ita ce a ƙwace hankalin mutum ko a raba shi da gidansa ba da saninsa ba. Aya ta 102 ta Suratul Baƙara ta ambaci masu koyon abin da ke raba miji da matarsa, ta ce suna koyon abin da ke cutar da su ne, ba ya amfaninsu. Manzon Allah (SAW) kuma ya lissafa sihiri cikin zunubai bakwai masu halakarwa. Ban ga yadda zuciyar da ta kwana tana ƙulla wa kishiya ko abokin kasuwa sharri za ta wayi gari kusa da Ubangijinta ba.

Roƙona ga malamanmu na masallatan Juma'a da shugabannin ɗariƙu da masu wa'azi a gidajen rediyon Tawa da Yamai shi ne su fayyace wa jama'a iyakar da ke tsakanin addu'a da tsafi, su kuma buɗe ƙofa ga matashin da ke da ƙishin zikiri, ya samu mai riƙe masa hannu kafin mai waya ya riga su. Yaron namu ya koma kan kekensa na ɗinki, amma har yau ba ya yarda ya kwana ɗaki shi kaɗai.

Wassalam.

Naku,
Wani malamin makaranta, Tawa