'Yan matan da Ingila ta kwasa ta kai Ostareliya a matsayin fursunoni

Assalamu alaikum Malam Edita,

Da fatan kana lafiya, kai da abokan aikinka. Dan Allah a ɗan ba ni fili in amayar da abin da ya tsaya min a rai.

Kwanaki ɗana ya nuna min hoton takardar dala 20 ta Ostareliya a wayarsa, da wata tsohuwa mai tabarau a jiki, ya ce Umma kin san matar nan fursuna ce? Sunanta Mary Reibey. Ba ta kai shekara 15 ba aka kama ta a Ingila da dokin da ba nata ba, ta yi shigar maza, aka yanke mata shekara 7 aka jefa ta jirgin ruwa, ta sauka Sidni a 1792. Ta yi aure, mijin ya rasu a 1811 ya bar ta da marayu bakwai, ta riƙe kasuwancinsa har ta zama hamshaƙiyar attajira. To ita Allah ya fid da ita, sai na ce sauran fa? Nan na shiga karance-karance, kuma wallahi abin da na gani bai bar ni na yi barcin kirki ba.

Da can Amurka Ingila take jibge masu laifi, da Amurkawa suka ƙwaci 'yancinsu sai gidajen yari suka cika maƙil, shi ne aka juya Ostareliya. Daga 1788 da jirage 11 na farko suka isa zuwa 1868 an kwashi mutum wajen 162,000, mata kusan 25,000 a ciki, yawancinsu 'yan mata ne talakawa daga Ingila da Ailan, 'yan aikin gida. Laifin fa? Akasari sata ce ta ƙananan kaya, riga, yadi, cokali, agogo. Akwai wata Mary Wade a Landan da ta ƙwace tufafin wata yarinya, ita kanta ba ta wuce shekara 13 ba, alƙali ya yanke mata rataya a 1789, daga baya aka sassauta aka ce a kai ta can. A jirgin Lady Juliana ta tafi, ita da mata sama da 200, wata goma suna kan teku a hannun matuƙa maza. Ban ce sata daidai ba ce, amma haba, yarinyar da ko hankali bai gama zuwa mata ba a raba ta da uwarta har abada saboda riga? Don ko wa'adin ya cika ba wanda zai biya mata kuɗin jirgin komawa, namiji ya kan yi aikin jirgi ya koma gida, mace kuwa ina.

Abin da ya fi ƙona min rai shi ne bayan an sauka. Rarraba su ake yi gidajen Turawan da suka zauna can su yi bauta, wanki, girki, raino, ba ta da ikon cewa ba ta son gidan. Maza sun ninka mata yawa a ƙasar, to yarinya ita kaɗai a gona cikin daji, maigida namiji, barori maza, kowa ya san abin da zai biyo baya. In ciki ya fito sai a mayar da ita gidan horon mata, irin na Parramatta kusa da Sidni ko na Cascades a garin Hobart, a tsibirin da yanzu ake kira Tasmaniya, wanda aka buɗe a 1828 a gindin dutse, wuri mai sanyi da danshi da rana ba ta cika shiga ba. Ta haihu, ta shayar 'yan watanni, a yaye ɗan da ƙarfin tsiya tun bai isa yaye ba, ita kuma a kai ta ɓangaren masu babban laifi ta yi wata shida tana aikin wahala wai horon cikin da ta yi. Wanda ya yi cikin yana gidansa ba wanda ya ce masa kanzil. Jariran kuwa a cunkushe a ɗaki ɗaya, gudawa ta shiga cikinsu, ɗaruruwa suka mutu a wurin nan. Ni uwa ce, na san yadda nono ke cika yana ciwo in ɗa ya yi nisa, ina karantawa ina hawaye.

In mace ta yi tsiwa a yi mata aski ƙwal-kwabo, ko a ɗaura mata ƙarfe a wuya, ko ɗakin duhu da burodi da ruwa kawai. A Parramatta har jera su ake yi namiji ya zo ya duba ya zaɓi matar aure, da yawa sun amsa ne don kawai su fita. Amma fa ba su kwanta an taka su ba, a 1827 matan Parramatta sun yi bore kan an rage masu abinci, suka fasa ƙofa suka fantsama cikin gari.

Duk da haka sunan da manyan lokacin suka laƙaba masu shi ne karuwai, alhali karuwanci ma ba ya cikin laifukan da ake kai mutum can saboda su. Sunan ya bi su shekara da shekaru har jikoki suna ɓoye asalinsu. Ga shi kuwa fursunoni matan da aka ɗauko a jirgin Rajah a 1841, a kan teku, suka harhaɗa ƙyallaye suka ɗinka wani katafaren mayafin gado da allura da zaren da ƙungiyar Elizabeth Fry, wata 'yar Ingila mai taimakon mata fursunoni, ta ba su, yana nan ajiye a Kanbera, babban birnin Ostareliya, har yau. Ban manta ba kuma ƙasar da aka kai su ta wasu ce, 'yan asalin wurin da aka kora aka karkashe, wannan ma wasiƙa ce mai zaman kanta.

Roƙona Malam Edita, shafinku na tarihi kullum sarakuna ne da yaƙe-yaƙe, dan Allah ku ware ko mako biyu ku kawo labarin matan nan dalla-dalla, ku fara da gidan Cascades da jariran da aka binne a can.

Na gode, a huta lafiya.

Taku mai karatu kullum,
wata uwa