Godiya ga ofishin kula da kifi na Bemidji, kan tafkin Upper Red Lake

Zuwa ga shugaba da ma'aikatan ofishin kula da kifi na Bemidji, a ƙarƙashin Ma'aikatar Albarkatun Ƙasa ta jihar Minnesota, Amurka.

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kuna lafiya. Na rubuta wannan wasiƙa da Hausa, na kuma fitar da ita fili, don 'yan'uwana na gida da na nan su ji irin aikin da kuka yi, tunda yabon gwani ya zama dole.

Ni ɗan Argungu ne mazaunin Minneapolis, kuma duk bazara nakan hau zuwa Waskish, wani ɗan gari a bakin tafkin Upper Red Lake, in kama kifin walleye, wanda jihar nan ta ɗauka a matsayin kifinta tun 1965. Wanda ya ga yawan kifin da ke tafkin a yau ba zai yarda cewa ya taɓa ƙarewa ba. Amma ya ƙare. A shekarun 1990 kamu ya yi yawa ta kowane ɓangare har ruwa ya koma wayam. Al'ummar Ojibwe ta Red Lake, wata ƙabila ta 'yan asalin ƙasar wadda ke da mafi yawan ruwan, ita ta fara dakatar da sana'arta ta kamun kifi a 1997. A 1999 kuka sa hannu a yarjejeniya tare da su da hukumar tarayya mai kula da al'amuran 'yan asalin ƙasa, aka haramta ɗaukar walleye gaba ɗaya. Kuka zuba 'ya'yan kifi fiye da miliyan 100 a 1999 da 2001 da 2003, kuka yi musu alama da magani tun suna ƙanana don a iya bambanta na zubi da waɗanda aka ƙyanƙyashe a tafkin. Ba a buɗe ba sai 2006. Shekara bakwai masu masauki da masu shaguna suna ji a jikinsu, ku kuma ba ku janye ba. Mu da muka tashi muna ganin an hana taɓa ruwan Matan Fada sai ranar biki, mun san hani irin wannan ba ya tsayawa sai da mai tsare shi.

Bari in faɗa wa masu karatu abin da wannan haƙuri ya haifar. Tafkin faɗi gare shi, ba zurfi, don da ƙyar yake wuce ƙafa 15. Ruwansa ja-ja ne kamar shayi saboda fadamar da ke kewaye da shi. A irin wannan ruwa kifi a warwatse yake, shi ya sa muke jan kifin roba a bayan jirgi maimakon mu tsaya wuri guda. Ɗan kifin ƙarya ne mai ƙugiyoyi a ciki da wutsiya, da wani leɓe a gaba wanda ke sa shi nutsewa yana karkaɗa jiki idan an ja shi. Wasu na katako ne mara nauyi, irin na kamfanin Rapala, wanda Lauri Rapala ya faro a Finland a 1936 da sassaƙa da hannu. Sai ka saki zare mai tsawo, don kifin ruwa mara zurfi yana gudun inuwar jirgi da ƙarar inji, ka riƙa tafiya kamar mil biyu a awa. Kan sandar zai yi ta rawa a hankali. Da rawar ta tsaya, to ciyawa ce ta laƙe a ƙugiya, sai ka naɗo ka cire. Leɓen ya riƙa taɓa yashi jefi-jefi, kada ya yi ta noma ƙasa. Kuma kada ka miƙe sambal, ka riƙa lanƙwasa jirgin, domin a kan kwana ne gudun abin yake canzawa, a nan kifi ya fi kai cafka. Ni dai mai ruwan zinariya na fi so a wannan ruwa, ko da yake abokin tafiyata ya rantse da mai kore da lemo, kuma ba mu gama wannan gardama ba.

Ranar da iska ta ɗan motsa ruwa kamu ya fi kyau, don idon walleye ya fi gani a duhu-duhu. Amma idan iskar yamma ta taso da ƙarfi, mai hankali gaɓa yake nufa.

Godiyata ta musamman ga ma'aikacinku da ke tsayawa a mashigar jirage da allon awo da takarda. Yana tambayar kowa awa nawa ya yi a ruwa, nawa ya ɗauka, nawa ya saki, ya shimfiɗa kifin a allo ya rubuta tsawonsa, sauro na cizonsa bai fasa fara'a ba. Shi ya zauna ya bayyana mini cewa da waɗannan alƙaluma da na ragar gwaji da kuke sawa da kaka ake yanke adadin da kowa zai ɗauka, shi ya sa ƙa'idar take canzawa daga lokaci zuwa lokaci. Ya kuma nuna mini iyakar ruwan al'ummar Red Lake a taswira, wadda baƙo ba ya ƙetarewa. Akwai masu ƙorafin dokar jihar ta sanda ɗaya ga mutum ɗaya a lokacin bazara. Ni ban ga laifinta ba, don sanda ɗayar ma ba ta barin mutum ya zauna idan kifi na ci.

A miƙa gaisuwata ga masu kula da kifi na al'ummar Red Lake, abokan aikinku a wannan lamari. Allah ya saka da alheri, ya ƙara muku lafiya da ƙarfin gwiwa.

Naku,
Wani ɗan Argungu, daga Minneapolis