Godiya ga Alhaji mai shagon kayan lasifika na Sabon Gari da yaransa

Assalamu alaikum warahmatullah.

Alhaji barka da kasuwa, ya iyali, ya yaran shago. Ranar da nace muku sai na rubuta godiya kowa ya gani, dariya kuka yi kuka ce haba ɗana, a kan ɗan tire? Toh Alhaji a kan ɗan tiren nan da ake maƙalawa a sandar makirufo a ɗora waya da tarkace ne dai, kuyi haƙuri, na kasa shiru.

Ga wanda bai sanni ba, ni ne nake kula da lasifikar islamiyyarmu da masallacin layinmu a Tudun Wada, tafsirin azumi, walimar sauka, ɗaurin aure, wani lokacin har sanarwa ni ake miƙa wa makirufo. Wanda bai taɓa wannan hidimar ba bazai gane wahalar da nake magana a kai ba. Hannu biyu Allah ya baka amma ga waya tana ɗaukar karatu, ga fawa bank, ga takardar sunayen ɗalibai, ga biro, ga batirin makirufo mara waya wanda sai a tsakiyar addu'a yake mutuwa, ga malam ya cire tabarau ya miƙo maka yace riƙe min. Aljihun kaftani ya cika har yana jan wuyan riga gefe ɗaya. In ka ɗora a kujerar roba wani baƙo yazo ya zauna a kai, in ka ajiye a tabarma yara su tattake.

Abin da ya ishe ni shi ne walimar saukar da muka yi lokacin hunturun da ya wuce. Na ɗaure wayata a jikin sandar makirufo da kyauron roba da selotef kamar yadda na saba, yara suna ta karatu gwanin daɗi, sai wani ɗan ƙaramin yaro ya taho da gudu ƙafarsa ta ja wayar caja, ji nayi kawai tas a kan siminti. Gilashin ya tsage kamar gizo ya yi saƙa, wayar ta mutu, karatun da na ɗauka tun safe ya tafi. Iyayen yara sati biyu suna bina, ina bidiyon ɗiyata, ina na ɗana. Wallahi har canza hanya na dinga yi.

Bayan nan na sayi wani tire a wani wuri da ba sai na faɗi suna ba, a hoto ya yi kyau sosai, da ya iso ashe maƙalin nasa roba ce. In na ɗaure a hankali ya dinga sulalewa ƙasa, ranar da na ɗaure da ƙarfi ya ce ƙaras ya rabe biyu. Kwana tara yayi a hannuna. Kuɗi sun tafi, mai kaya ya daina ɗaga waya.

Da wannan haushin na shigo shagonku. Nace ina son tiren da ake maƙalawa a sandar makirufo, mai ƙarfi, ku faɗi kuɗi kawai. Ku kuma ko kaya baku ɗauko ba, kuka ce ina sandar? Nace tana masallaci. Kuka ce je ka ɗauko. Gaskiya Alhaji a raina nace wannan dattijon wasa yake da ni, daga Sabon Gari in koma Tudun Wada in dawo da sanda a keke napep saboda ɗan faranti, ga rana ga cunkoso. Na tafi ina ƙunƙuni. Yau dai na yarda, wanda ya riga ka kwana dole ya riga ka tashi.

Da na dawo da sanduna biyu, ta makirufo da wadda muke ɗora littattafai, babban yaronku ya ɗauko wani ma'auni na ƙarfe mai baki kamar na kada ya cafke bututun ya karanta. A nan na fara sanin cewa sanda ba ɗaya take da sanda ba. Tamu ta makirufo bututun ƙasa wajen milimita 25 ne, na sama wanda yake shigewa ciki ya fi siranta, sandar ɗora sifika kuwa milimita 35 ce yawanci, don haka maƙalin da ya kama wannan ba lallai ya buɗe baki ya kama waccan ba. Ita kuma sandar littattafan namu wani mai walda ne ya haɗa ta tun ina yaro da bututun famfo mai kauri, babu tiren kamfani ko ɗaya a shagon da bakinsa ya shige ta. Da kun biye min kun sayar min tun farko da asara ta biyu zan yi.

Har wata matsala da ban kawo ƙararta ba kuka gano. Mariƙin makirufo ɗinmu shekara da shekaru da tef nake naɗe shi saboda yaƙi ɗauruwa a kan sandar, ni na ɗauka lalacewa yayi. Kuka ce a'a, zaren ɗaurin iri biyu ne a duniya, akwai na inci 5/8 da Amurkawa suka fi yi, akwai na inci 3/8 na Turai, naka mariƙin ɗaya ne sandar ɗaya ce. Kuka buɗe wata gwangwanin madara kuka zaro ɗan ƙaramin noti mai zare ciki da waje, aka murɗa, shikenan ya zauna daram. Ko sisi baku karɓa a kansa ba.

Sai batun zaɓi. Akwai wani tire na kamfanin K&M ɗan Jamus a rataye, idona na kansa, kuma ina da kuɗin a lokacin don kwamitin masallaci sun bani. Kuka ce kaya ne mai kyau babu ƙarya, amma kai waya da fawa bank da tabarau zaka ɗora, wannan na ƙarfen mai sauƙin kuɗi zai yi maka, ragowar ka sayi wayar makirufo mai kyau don wadda kazo da ita ta gaji. Ni dai tunda nake shiga kasuwa ban cika ganin mai kaya ya kawar da kwastoma daga mai tsada zuwa mai araha ba. Haka kuma da na tambayi kuɗin makirufo Shure SM58 ɗin nan da kowa yake so, wadda tun 1966 ake yinta, baku ɓoye ba kuka ce wannan ta asali ce, waccan kwaikwayo ce, kowace ga kuɗinta, ɗauki ka ji nauyi. Wani sai ya rantse maka a kan jabun.

Na sandar littattafan kuma kuka haɗa ni da Oga mai walda na bayan shagonku, kuma shi ma dole in yaba masa don a gabana yayi aikin. Ya yanko falle na ƙarfe kamar faɗin littafin rubutu, ya lanƙwasa bakinsa ta kowane gefe kamar tsayin gaɓar yatsa don kar biro ya gangaro, ya bi kusurwoyin da giranda har suka yi sumul, yace malamai da babbar riga suke zuwa, in kusurwa ta kama aska takwas ta yage ni da kai duka mun shiga uku. Ya huda ɗan rami a gefe na zira wayar caja. Sannan ya yanko tsohon tub na mashin ya manna a cikin bakin maƙalin, ya sake yanko wani ya shimfiɗa a cikin tiren. Kan sukurun ya walda masa ɗan ƙarfe a gicciye yadda za'a ɗaure da hannu ba sai an nemo sifana ba. Ni ina tsaye ina kallon tartsatsi, yaronsa na min tsawa in kawar da ido.

Abin da yafi min amfani ma shi ne karatun da kuka yi min kafin in tafi, zan faɗe shi don 'yan'uwana masu hidimar lasifika su amfana. Sanda mai ƙafa uku in ka maƙala tire a tsakanin ƙafa biyu, nauyi kaɗan zai rinjaye ta ta kife, amma in ka juya tiren ya zauna daidai saman ƙafa ɗaya, ƙafar ce zata tokare. Kuka gwada min da kwalbar ruwa, wallahi kamar siddabaru. Kuma a ɗaura shi a bututun ƙasa mai kauri, ƙasa da wurin da ake murɗawa a ɗaga sanda, don duk yadda nauyi ya yi sama haka sandar take ƙara rawa, balle in hannun makirufo ɗin ma yana miƙe ta wannan gefen. Kuma kar a ɗaure da zuciya, bututun sanduna masu araha ba shi da kauri, in ya lotsa na cikin bazai ƙara shiga ko fita ba, ka kashe sanda kenan. Ita kuma robar da aka shimfiɗa ba ado bace, ƙarfe yana ɗaukar sauti, in ka ajiye makulli a kan tire tsirara ƙarar zata bi sanda ta shiga makirufo, mutanen bayan layi su ji ƙwal a lasifika.

Har kukan nan na dit-dit-dit da yake shiga lasifika in kira zai shigo, wanda jama'a ke juyowa suna harara ta kamar ni na ƙirƙiro shi, kuka ce wayar hannu ce, musamman in netwok ya sauko 2G, kuma wayar makirufo mara kariya ita take kwasowa. Tunda na koma wayar makirufo mai baki uku ɗin nan da kuka bani, in ɗauka kawai zan yi kuma in sa wayar a yanayin jirgi, ban sake jinsa ba.

Azumin bana kaf da tirarrukan nan biyu muka yi tafsiri. Malam ya samu wurin tabarau da takardun tambayoyin da mata suke aikowa daga baya, alaramma mai jan baki ya samu wurin agogonsa, da daddare bayan tarawihi a ɗora gorar ruwa mai murfi. Fiya wata dai na hana, don leda ɗaya ta ɗiga kusa da fawa bank an gama. Babu abin da ya faɗi ko sau ɗaya. Ladaninmu da yake cewa duk bidi'ar zamani ce, yanzu a kai yake ajiye goronsa.

Bayan sallah da aka kwashe kaya aka kai filin idi aka dawo, sukurun ɗaya ya ɓace, ranar kuma muna da ɗaurin aure bayan juma'a. Na kira ku ina jin kunya. Kafin a yi kiran farko sai ga ƙaramin yaronku a kan mashin da sukuru biyu a aljihu, ya ɗaura ɗaya ya bani ɗaya yace Alhaji yace ka ɓoye wannan. Na miƙa masa kuɗin mai yaƙi karɓa, nayi nayi yace in ya karɓa Alhaji zai yi faɗa. Allah ya yi wa yaron nan albarka, tarbiyya ce daga sama.

Kuma na lura ba mu kaɗai bane. Ranar da nazo biyan Oga na tarar da wani bawan Allah daga Wusasa mai koyar da mawaƙan coci, yazo da sandar da suke ɗora takardun waƙa yana neman tiren da zai ajiye fensir da waya, gefe kuma ga wani tsohon ɗan badujala da yayi aiki a Depot na sojoji yana ba da labarin yadda iska take kwashe musu takarda a filin fareti. Shi ma na Wusasan haka aka auna tasa sandar kamar yadda aka auna tawa, aka bashi kujera da ruwa, babu bambanci.

Ƙorafi ɗaya nake da shi, don kar ace na zo fadanci. Baƙin fentin nan yana shan rana sosai. Walimar da muka yi a waje cikin zafin bazara, tiren yayi zafi har wayar ta fara gargaɗin zata kashe kanta, sai da na yafa mata hankici. In da hali Oga ya dinga yin wasu da fari ko ruwan toka saboda masu aiki a fili, kunsan ranar Zariya kafin ruwa ya sauka ba ta da wasa.

Alhaji na gode, kwamitin masallaci sun gode, malam yace a gaishe ku da kyau kuma ya sa ku a addu'a ranar rufe tafsiri. Allah ya ƙara buɗi, ya tsare shago daga gobara da ɓarayi, ya raya zuri'a, ya saka wa Oga da yaransa da alheri. Ranar Asabar in Allah ya kaimu zan shigo da sandar ɓangaren mata, ita ma suna son nasu tiren, wannan karon da sandar zan taho tun daga gida ba sai kun kore ni ba.

Naku,
yaronku mai lasifika na Tudun Wada, Zariya.